Shagon da Muka Share wa Kwamiti

Ranar Litinin abin ya fara, da wani yayyafi marar zuciya, wanda bai isa ya hana mutum fita ba, bai kuma bar riga ta bushe a jiki ba. Ina tsaye a teburin yanka, na shimfiɗa fata ina bin zane da wuƙa, sai ga jami'in hukuma ya shigo da laima a hannu, yana tsallake guntayen fata kamar mai tsallake kashin kaji.

Shagon na Yayata ne, jakunkunan fata take ɗinkawa. Ginin kuwa tsohon sito ne da gwamnatin jiha ta gyara, ta yanka shi shago-shago, ta danƙa wa Hukumar Bunƙasa Kasuwancin Waje, Yawon Buɗe Ido da Zuba Jari. Sunan ya fi ginin tsawo. Amma gaskiya ɗaya ce, hukumar ta yi mana rana. Ita ta ba da wurin, ita ta sa kekunan ɗinki masu lantarki, ita kuma ta kai Yaya baje koli a ƙasar waje, inda wata mata mai kantuna ta ga jakarta, ta juya ta ciki da waje, ta ce tana son ɗari biyu. Sharaɗinta ɗaya: su shiga jirgin ruwan da zai tashi ƙarshen wata. In sun wuce wannan jirgin, kakar cinikinta ta wuce, ba ta so.

A ranar, mu da mata biyu da ke taya Yaya ɗinki, mun gama ɗari da arba'in. Saura sittin.

Ni kuma tun daga aji uku na sakandare na ajiye biro. Na tuƙa babur na haya, na yi yaron mota, na yi cajin waya, na wanke motoci, babu inda na kai damina biyu. Mama ta ce ƙafar kare na ci. Da Yaya ta gaji da jin labarina a bakin mutane, sai ta miƙa mini wuƙa ta ce, "Auta, in za ka yi ɓarna, zo ka yi ta a gabana." Abin mamaki, yankan fata ya riƙe ni. Fata ba ta yafe kuskure. In hankalinka ya tafi yawo, nan take za ta gaya maka. A teburin nan kaɗai na taɓa wuni ban dubi ƙofa ba.

Jami'in nan kuwa, duk mu masu shago a cibiyar, Ana-tafe muke ce masa, don ko me ka tambaye shi, gyaran rufi ne ko takardar fito, amsarsa ke nan.

"Hajiya, barka da aiki," in ji shi. "Albishir da gargaɗi na kawo, a kwano ɗaya."

Yaya ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba. "Zuba mana, ranka ya daɗe."

Ya ce majalisar dokokin jiha ta kafa kwamiti da zai bi shirye-shiryen hukumar ɗaya bayan ɗaya, ya ga wanda ke aiki da wanda ke cin kasafi a banza. Wanda suka yaba ya rayu, wanda suka kushe a rufe. Ranar Alhamis za su zo cibiyarmu. Saboda haka za a yi fenti har ƙasa, a share ko'ina, a goge kekuna a lulluɓe su da sabon yadi. Ba warin gam, domin shugaban kwamiti yana da ciwon ƙirji. Ba ƙarar keke. Jakunkunan da aka gama kuma a kai su babban zaure a jera.

A nan Yaya ta tsayar da keken.

"Jakunkunan nan na mutane ne. Kwali za su shiga."

"Za su shiga, Hajiya. A gani tukuna."

"Jirgi ba ya jiran kwamiti."

"In kwamiti ya soke shirin, a ina za ki ga jirgin? Ki yi haƙuri, zuwa Alhamis ne kawai. Wa ke karɓar baƙo da tsumma?"

Ya nuna ƙasa da bakin laimarsa. Tsumman da yake nufi guntayen fata ne da zare da ƙullin zif, sun kai idon sawu a ƙarƙashin teburina. Yaya ba ta zubar da su. Daga cikinsu muke fitar da kunnen zif da maƙalin makulli. Ya ce a zuba a buhu a kai bayan gini. Muka cika buhu shida. Ni na ɗauke su a kai, ina ƙunƙuni.

Maƙwabcinmu, wani dattijo mai saƙar kwando, yana zaune a ƙofar shagonsa yana kallon yadda ake kwashe masa kaba.

"Auta," ya ce, "shekara hamsin ina saƙa, yau na ji cewa kaba datti ce."

"Baba, kai ma a lulluɓe ka da sabon yadi mana."

"Ɗan nema! Ni ai ko an lulluɓe ni tari zai tona mini asiri."

Aka yi wa daɓen fenti ruwan toka mai sheƙi, aka ce kada wanda ya taka sai ya bushe. Da yake damina ce, bai yi saurin bushewa ba. Muka tsaya daga bakin ƙofa muna leƙen kekunanmu kamar masu duba marar lafiya ta taga.

Ana cikin haka Ana-tafe ya ja ni gefe. Ya ce Daraktan hukumar yana son matashi ɗaya ya yi magana a gaban kwamiti, kuma an ce labarina ya fi na kowa daɗi.

"Ka ce: Kafin wannan shiri mai albarka, ni ɓataccen matashi ne, ba ni da alƙibla."

"Ni ban ɓata ba, yallaɓai. Yawo nake yi, kuma kullum ina kwana a gida."

"Kai, ba hira muke ba. Maimaita."

Na maimaita. Ya ƙara da cewa yanzu na zama jakadan jiha a kasuwannin duniya. Ni da ko tashar jirgin ban taɓa gani ba. Duk inda ya gan ni sai ya ɗaga yatsa, ni kuma in fara, "Kafin wannan shiri mai albarka." Har Baba Mai Kwando ya haddace. In na wuce sai ya ce, "Ɓatacce, an ga alƙiblar kuwa?"

Ranar Alhamis aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka raba mana riguna iri ɗaya masu tambarin hukuma. Tawa ta yi mini yawa, ta Yaya ta matse ta. Muka zauna tun hantsi har inuwa ta juya. Sai aka ce zaman majalisa ya ja, an ɗage sai mako mai zuwa.

Yaya ta miƙe ta nufi shago tana cire rigar.

"Ina zuwa, Hajiya?" in ji Ana-tafe.

"Aiki."

"A'a. In kuka ɓata daɓen nan, wa zai sake sayen fenti? Ko yaushe za su iya faɗowa. Ana tafe."

Ya sa aka kashe layin wutar shaguna daga babban akwati, ya jefa makullin a aljihu. Yaya ta roƙi a ba ta keke ɗaya ta kai gida. Ya ce kayan gwamnati ba ya fita harabar gwamnati, balle a makon da za a zo ƙirga shi.

Sai muka kwashe fatun da na riga na yanka muka kai gidan Yaya, inda Mama ma take zaune. Ɗakin Mama ya fi faɗi, nan muka baje. Ni ina huda da basilla, Yaya tana bi da allura biyu, Mama tana riƙe bakin fata tana ba mu labarin da ba mu tambaya ba. Abin da keke ke yi kafin shayi ya huce, hannu sai ya wuni a kansa. Warin gam ya cika gidan har mijin Yaya ya koma cin abinci a ƙofar gida.

"Wai ni ku aka ce za a duba, ko mu?" in ji shi ta taga. "Kaina juyawa yake yi."

"Ka yi haƙuri, Baban yara," in ji Yaya, allura a baki. "In jirgi ya tashi zan saya maka sabon kai."

Mama ta dubi yatsuna da suka faffashe, ta ce, "Yau ga Auta zaune wuri ɗaya har ƙafarsa ta yi tsami. Allah na gode maka. Ashe kwamiti ne maganinsa."

Ban yi dariya ba. Ina duban tarin fatar da ta rage, ina duban kalandar bango.

Mako na biyu aka sake kafa rumfa, aka sake ɗagewa, wai an yi wa wani ɗan majalisa rasuwa, duk sun tafi gaisuwa. Allah ya ji ƙan mamaci, ban ce komai ba. Amma dillalin da ke haɗa kaya a kwantena ya fara kiran Yaya safe da yamma. Ya ce ya bar mana gurbi, kada mu ba shi kunya. Ta ce masa kaya suna nan. Ba ƙarya ta yi ba. Suna nan a zaure, a jere bisa farin yadi, kowace da furen roba a gefenta, ƙofa a kulle.

Da hannu muka gama ashirin da biyu. Yaya ta yi lissafi ta ce in kwamiti ya zo ya tafi, aka ba mu wuta, muka hana ido barci, talatin da takwas ɗin da suka rage ba su fi ƙarfinmu ba. Da wannan muka riƙe zuciya.

Sun zo ranar Talata ta makon ƙarshe, rana tsaka, gari ya yi zafi bayan ruwa. Motoci suka cika harabar har bayan gini. Shugaban kwamitin babban mutum ne, waya a kunne tun daga mota har kujera. Darakta ya hau lasifika ya yi ta zuba: masu zuba jari daga nahiya kaza, baƙi masu yawon buɗe ido dubu kaza. Fankoki manya guda huɗu suna ta kaɗa wa baƙi iska. Ni ina bayan rumfa ina motsa baki da haddata.

A cikin 'yan kwamitin akwai wata mata 'yar ƙarama, mai tabarau, ba ta tafa ba ko sau ɗaya. Da aka tashi zagaya, kowa ya bi Darakta zaure wurin jakunkuna, ita sai ta ratse ta shiga shagonmu. Dole ayarin ya juyo ya biyo ta.

Ta tsaya a tsakiyar daɓen nan mai sheƙi ta dubi ƙasa. Ta leƙa ƙarƙashin teburina. Ta ɗaga sabon yadin da ke kan keken Yaya, ta sa yatsa a ƙasan allura, ta duba yatsan, ta shinshina.

"Shagon wa ne?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe," in ji Yaya.

"Tun yaushe kike aiki a nan?"

"Shekara biyu ke nan."

Matar ta yi ɗan murmushi wanda ba na daɗi ba. Ta juya wajen shugaba.

"Yallaɓai, mahaifina tela ne. A ƙarƙashin kekensa na yi rarrafe. Ban taɓa ganin shagon da ake aiki a ciki ba, a ce babu ko silin zare a ƙasa. Keken nan ko mai babu a jikinsa. Shagon fata, babu warin fata, babu warin gam. Makon jiya muka je wata cibiya, muka tarar an yi hayar kekuna daga kasuwa, muna fita aka mayar. Can aƙalla sun manta da ƙura."

Darakta ya fara, "Honarabul, ai tsabta..."

"Ban tambaye ka ba tukuna." Ta dube ni. "Kai, samari. Mene ne aikinka a nan?"

Tambaya ce mai sauƙi. Yanka nake yi. Kalma uku. Amma ga kyamara a fuskata, ga mutane sun yi shiru, ga Ana-tafe a bayanta ya ɗaga yatsan nan nasa. Bakina ya buɗe da kansa.

"Kafin wannan shiri mai albarka, ni ɓataccen matashi ne, ba ni da alƙibla."

Wani ɗan jarida ya tuntsire da dariya. Ban iya tsayawa ba sai da na kai jakadan jiha a kasuwannin duniya. Matar ta jira na gama, ta ce a hankali, "Sannu. Ka haddace da kyau. Na can ma haka ya ce, har da alƙiblar."

Sai a lokacin hankalina ya dawo jikina.

"Ranki ya daɗe, wallahi aiki muke yi! Sharar tana baya, buhu shida, ni na kai. Bari ki gani!"

Na ture mutane na fita da gudu. A bayan gini na tarar da motocin rakiya a jere, direbobi suna shan inuwa. Inda na ajiye buhunan babu komai sai baƙin tabo a ƙasa da ɗan hayaƙi. Mai gadi ya ce da sassafe aka ce a ƙone, don a samu wurin ajiye motoci.

Na dawo hannu rabbana. Na tarar Yaya ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu, ta zauna a kan keke, ta zaro wani guntun fata daga jakarta ta hannu.

"Ranki ya daɗe, ba sai an yi dogon zance ba. Tsaya ki gani."

Ta sa fatar a ƙarƙashin allura, ta taka. Shiru. Ta sake takawa. Ta duba soket, ta dubi Ana-tafe.

"A kunna mana wuta."

Ya shiga lalube a aljihu, gumi yana bin wuyansa. Mai gyaran wuta ya matso ya raɗa masa wani abu, amma shagon ya yi tsit har kowa ya ji: layin shaguna aka janye aka kai wa lasifika da fankoki, sai an kwance an sake ɗaurawa.

"A kwance mana!" na ce. "Minti nawa ne?"

Shugaban kwamiti ya sauke waya daga kunne karo na farko, ya dubi agogo.

"Muna da wurare biyu a gaba. Ina ganin mun ga abin da za mu gani."

Baba Mai Kwando daga ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ku ga komai ba, shi ne matsalar." Babu wanda ya juya.

Na ɗauka an gama mana ke nan, ashe da saura. A bakin zaure Darakta ya tsaya, ya ce hukuma ba ta sallamar baƙo hannu wofi. Ma'aikata suka shiga ɗebo jakunkunanmu daga kan farin yadi. Kowane ɗan kwamiti guda, shugaba biyu. Sai magatakarda, sai masu riƙe musu waya, sai 'yan jarida, sai wani da ban san ko wane ne ba, ya ce shi ma da ayarin ya zo. Yaya ta riƙe hannun Ana-tafe.

"Na mutane ne! Na gaya maka na mutane ne!"

"Hajiya, rufa mana asiri. Hukuma za ta biya."

"Yaushe?"

Ya buɗe baki zai ce "ana tafe", ya ga idona, ya juya ya bi ayarin.

Mai tabarau kaɗai ta ƙi karɓa. Ta ce wa ma'aikacin, "Ku mayar wa wanda kuka aro a wurinsa." Da a ce ta karɓa ta buɗe cikin jakar, da ta ga ɗinkin, wataƙila 'yar tela ta gane hannu ɗaya ne ya yi su duka. Na bi motarta ina ɗaga tafukana, don ta ga kanta da tsagar basilla da rinin da ya ƙi fita. Gilashin baƙi ne. Ban san ko ta duba ba. Ɗan sanda ya ce in matsa.

Da yamma aka mayar da wuta. Muka yi aiki kamar mahaukata, daɓen ya koma yadda Allah ya yi shi, zare da fata ko'ina, babu mai gani. Amma yanzu ba talatin da takwas kaɗai ake nema ba. Talatin da bakwai sun tafi a motoci, kuma fatar da za a maye gurbinsu babu ita, sai an saro an rina. Yaya ta kira matar nan ta ƙasar waje, wani malamin makaranta yana yi mata tafinta, ta roƙa a karɓi abin da ya samu. Matar ta ce ta ji tausayi ƙwarai, amma kantunanta goma ne, ta riga ta raba ashirin-ashirin, kuma ta taɓa yin asara a irin wannan. Dillali ya ba wani mai barkono gurbinmu.

Na je majalisa da kaina ranar da za a karanta rahoto. Na sa rigar kirki, na cika leda da sabbin guntayen fata. A ƙofa aka ce sai da takardar gayyata. Na ce ni ne ɓataccen matashin da aka nuna a talabijin. Mai gadin ya gane ni, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira abokinsa ya gan ni, amma bai buɗe ba. A rediyon mai shayi na ji sauran. An yaba wa shirin yawon buɗe ido. Cibiyarmu kuma an ce babu alamar ana sana'a a cikinta, a dakatar da kuɗinta, a rufe har sai an yi bincike.

Ana-tafe ne ya zo da kwado. Bai dubi kowa ba. Yaya ta tambaye shi yaushe za a fara binciken, don mu zo da shaidu. Ya ce shi ma an mayar da shi wani ofis.

Ga abin da ya tafi. Jaka talatin da bakwai, ba a biya ko ɗaya ba. Odar ɗari biyu, da matar da ta ba da ita. Gurbi ɗaya a kwantena. Buhu shida na guntayen fata. Keke uku da teburin yanka, suna bayan kwado. Shago goma sha huɗu, har da na Baba Mai Kwando. Mata biyu da ke taya Yaya ɗinki, sun koma gida. Da aikina, na farko da na kai damina biyu a cikinsa.